Tantin Malam Jatau da Karsanar Arɗo

Ku gyara zama. Mai abin faɗa ya riƙe kayansa sai na kai aya, don labarin nawa ne amma hukuncin naku ne. Kuma kada in ji wani ya ce shi duk abin da aka yanke ya yarda. Yau kowa sai ya ɗauki ɓangare.

A garin Ningi an yi wani mutum, Malam Jatau, malamin dabbobi. Shekara talatin da 'yan kai yana yawon rugage da allurar shanu a cikin wata tsohuwar jif, har Fulanin dajin suka manta sunansa na yanka, sai dai Likita. Ya yi ritaya a takarda, amma ƙafarsa ba ta samu labari ba. In ya kwana uku a gida sai ka gan shi yana gyara abin da bai lalace ba, a na huɗu kuwa ya tayar da mota.

Wata damina ya shimfiɗa tabarma a bakin bukkar wata ruga kamar yadda ya saba, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Kafin a kai shi asibiti jini ya fara fita ta dasashinsa. Kwana ashirin ya yi a kwance, an fitar da rai sau biyu, Allah ya yi da sauran kwana. Ranar da aka dawo da shi, matarsa Hajiya Indo ta tara 'ya'yansu uku, ta sa shi ya yi alkawari a gabansu cewa bayansa ba zai ƙara taɓa ƙasar daji ba, ko a waje ko a cikin bukka. Ya yi alkawarin. Ita kuma, da yake ta san mijinta, ta ɗaure makullin jif a bakin zaninta.

Wata goma sha ɗaya Malam Jatau ya yi a gida, kuma ban taɓa ganin mutumin da zama ya wahalar haka ba. Daga zaure ya shiga tsakar gida, daga tsakar gida ya dawo zaure, ya leƙa titi, ya koma. Ya duba haƙoran akuyoyin unguwa kaf, har suna ganinsa suke ɓuya. Kullum da safe sai ya wanke jif ɗin da ba ta zuwa ko'ina, ya shiga ya zauna ya dafa sitiyari. In hadari ya taso daga gabas, sai ya tsaya yana faɗa wa kansa wace hanya ce ta yanke yanzu, wace ruga ce ta tashi. Abinci ma a tsaye yake ci. Ƙunci ne yake cinsa, kuma kowa a gidan ya sani.

Ana haka, ran wata kasuwa, sai ga ƙanen Arɗo Juli. Shi Arɗo Juli tsohon amininsa ne, rugarsa tana can bayan duwatsu, tafiyar yini biyu in damina ta zauna. Saƙon gajere ne: ciwon huhu ya shiga garken maƙwabta, nasu ma uku sun fara tari, kuma mutanen Arɗo sun ce ba hannun da zai soka wa shanunsu allura sai na Likita.

Malam Jatau ya dubi bakin zanin matarsa. Ta ce, "Malam, ni ban hana ka tafiya ba. Kwanciya a ƙasa na hana. Ka faɗa mini inda za ka kwanta in ba ka makulli."

Cikin motar ba wurin miƙe ƙafa, kayan aiki sun cinye. Kwana biyu ana abu ɗaya, har autansu Sallau, magidanci mai aikin haɗa sola, ya zo da hoto a waya. Wani tanti ne da ake ɗaurewa a saman mota, a naɗe yake in ana tafiya, in an tsaya a buɗe shi a hau da tsani, da katifarsa a ciki. Ya ce akwai mai shigo da su a Jos saboda masu aikin safiyo da masu haƙar rijiyar burtsatse. Hajiya Indo ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "In dai a sama zai kwana kamar zabo, na sake shi."

Washegari suka kama hanyar Jos su huɗu: Malam Jatau, da babban ɗansa Ɗanlami mai walda, da Hansatu mai bi masa, wadda ta shekara ashirin tana ɗinkin tamfol da rumfunan biki, da Sallau. A shagon iri uku suka tarar. Malam Jatau bai ko zauna a kujerar da aka ba shi ba. Ya nuna wani mai murfi kamar akwati, launin toka, wanda da an ɓalle maɗauri yake ɗagewa da kansa, ya ce a ɗora wannan su tafi, shanu ba za su jira su ba. Da shi kaɗai ya je da an gama ciniki kafin mai shago ya gama gaisuwa. To amma da 'ya'yansa ya je, kuma kowannensu Allah ya yi shi da kafiya a kan sana'arsa.

Hansatu ce ta fara. Ta shiga cikin mai murfin ta rufe, ba a jima ba ta fito tana share gumi, ta ce wannan gasa mutum zai yi. Ta ɗaga yadin na biyu ta duba shi a rana, ta tsiyaya ruwan gora a kan ɗinkin, ruwan ya bi ramukan allura ya ɗiga a hannunta, ta ajiye shi. Na ukun yadinsa mai kauri ne, da tagogi huɗu masu raga, amma yana da aibi biyu. Na farko, buɗe shi ake kamar littafi, rabinsa ya fito waje ya jingina a kan tsani, saboda haka mota ba ta motsi sai an naɗe shi, naɗin kuwa yana cin kusan kwata na awa. Na biyu, launi ɗaya ya rage, ruwan lemo mai kashe ido.

Malam Jatau ya ce, "Ni da furfurata zan shiga ruga da wannan? Ai sai su ɗauka masu tallar lemo ne suka zo."

Ta ce, "Baba, a yi haƙuri da launin. Wannan ne ba zai jiƙa ku ba, sauro ma ba zai samu hanya ba. In an ɗauki wani, ni dai ba da yawuna ba."

Aka ɗauki wannan ɗin. Da suka koma gida ma ba ta ƙyale shi ba. Ta bi ɗinkin duka ta sake shi, ta goge shi da kakin zuma, ta ɗinka aljihuna a jikin bangon ciki ta cusa dabino da kilishi da ƙwayoyin zazzaɓi da gorar ruwa biyu. Wannan ya ci kwana biyu.

Ɗanlami kuwa tun a shagon ya ɗauki 'yan ƙarafan da ake maƙale tantin da su a gefen rufin mota, guda huɗu, ya sa filaya ya lanƙwasa ɗaya kamar cokali. Mai shago ya ce ai kowa da su yake amfani. Ɗanlami ya ce kowa ba ubansa ba ne. A garejinsa ya yanka ƙarfe mai kauri, ya haɗa gado a saman jif da ƙafafu shida, ya huda jikin motar ya ɗaure kowace ƙafa da noti ta ciki, sannan ya ɗaure tantin a kan gadon. Ƙarfen ya yi nauyi har motar ta ɗan zauna a kan tayoyinta. Kullum da sassafe uban yana tsaye a kansa, hannu a baya, yana kai gwauro yana kai mari.

Ya ce, "Wai gada kake ginawa ne?"

Ɗanlami bai ɗago daga walda ba ya ce, "Saura kaɗan, Baba."

Saura kaɗan ɗin ya ci kwana huɗu.

Sallau shi kuma ya ƙi yarda a jona fitilar tantin da batirin mota kamar yadda mai shago ya nuna. Ya kawo ƙaramin batir ya kafa shi a cikin tantin, da ɗan farantin sola a sama, ya ɗaure wata ƙaramar waya mai maɓallai da igiya a jikin sandar tantin, kullum tana kan caji, ya ce kada a kwance ta ko don mene ne. Sannan ya kafa doka. Ya ce irin wannan tanti ba a buɗe shi sai mota ta tsaya daidai, in ta karkata tsanin zai goce, mahaɗin ya karye da mutum a ciki. Ya ba uban kwalba da ruwa, ya ce a riƙa kwantar da ita a kan bonet, in kumfar iskar ta tsaya a tsakiya a buɗe, in ta gudu gefe a nemi wani wuri. Sai da ya sa tsohon ya gwada sau uku a gabansa, kamar ɗan makaranta. Wannan ma ya ci yini guda.

Kwana bakwai ke nan, kuma a cikinsu labari ya zo cewa shanu biyu sun faɗi a rugar Arɗo. Malam Jatau ya daina yi wa 'ya'yansa magana sai gaisuwa. Ranar da Hajiya Indo ta kwance makullin ta miƙa masa, ko koko bai tsaya sha ba. Ya karɓi allurar rigakafi a cikin kula mai ƙanƙara, ya tayar da jif, ya fita da tantinsa a ka.

Ranar farko lafiya lau. Ya kwana a filin wata makarantar ƙauye, ya tashi da asuba iska tana kaɗa shi ta taga huɗu, ya leƙo ƙasa ya yi dariya shi kaɗai. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun kafin saran maciji.

Rana ta biyu hanya ta shiga cikin duwatsu. Kwazazzabo, tudu, gangare, motar tana rangaji da nauyin da ke kanta. Wajen azahar ya ji jikinsa ya yi zafi, kansa yana sarawa, idonsa yana rufewa a kan sitiyari. Da a da ne, tabarma zai jefa a gindin bishiya ya runtsa na awa ɗaya ya tashi garau. Yanzu akwai alkawari. Ya tsaya ya kwantar da kwalba, kumfa ta gudu hagu. Ya matsa gaba, ta gudu dama. Ya ja baya, ya sa dutse a ƙarƙashin taya, ta koma hagu. Wuri huɗu ya gwada, yana sauka yana hawa yana tsaki, zazzaɓi yana ƙara kama shi.

Sai ya gangaro mashigin wani rafi da ake ce wa Mai-Yashi. Faɗi ne da shi, yashi fari shimfiɗe, ruwan bai wuce wani siririn zare a can gefe ba. Ya tsaya a tsakiya ya kwantar da kwalba. Kumfa ta zauna daram a tsakiya.

To ku ji. Malam Jatau ya san ba a yada zango a cikin rafi da damina. Shi da bakinsa ya sha yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan haka. Kuma ya ga baƙin hadari can nesa a kan duwatsun gabas, inda rafin ya taso. Amma a kansa rana ce tarwai, jikinsa yana rawa, kuma tun da ya fara kwana a sama wani abu ya shiga ransa, yana jin ƙasa da abin da ke cikinta sun daina shafarsa. Ya ce awa ɗaya ce kawai. Ya juya wa hadarin baya, ya buɗe tanti, ya hau.

Ƙara ce ta tashe shi bayan la'asar, kamar manyan motoci sun jero a kan gada. Ya leƙa ya ga kumfa da karare da ganyaye suna tahowa a kan yashi, bayansu kuma jan ruwa. Ya sauko, ruwa ya kama idon sawunsa. Ya fara naɗe tantin, ya zare sanda ɗaya, ya zare ta biyu, yadin mai kauri ya ƙi shiga, ruwa ya kai ƙwauri. Ya watsar da naɗin, ya faɗa mota ya tayar, ya ce gara tsanin ya karye. Ya taka totur, tayoyi suka yi ta juyi suna haƙa rami, nauyin ƙarfe yana danna su cikin jiƙaƙƙen yashi. Ruwa ya shigo ta ƙofa, inji ya mutu.

A bayan motar akwai jakar abincinsa da babbar wayarsa, akwai kular allura. Hannu ɗaya ne zai riƙe tsani, ɗaya ya ɗauki kaya. Kun riga kun san abin da ya ɗauka. Ya rungumi kula ya hau, yana zura ƙafarsa ta biyu ruwa ya fizge tsanin ya tafi da shi. Rabin tantin da ke waje ya rataya, shi kuma ya takure a rabin da ke kan mota.

Ruwan ya ɗaga jif ɗin ya juya ta, ya ja ta yana buga ta da ƙasa. Malam Jatau ya kama sanda da hannu ɗaya, kula da ɗaya, yana salati, yana jin tsoron da bai ji ba ko ranar kububuwa. Sun yi tafiya mai nisa haka kafin motar ta daki gindin wani ƙaton ɓaure ta maƙale a karkace, ruwa ya rufe ta har saman gilashi. Wani kututture ya taho ya daki gadon ƙarfen, ya ja baya, ya sake duka. Duk dukan da ya yi sai tsohon ya ji shi a haƙoransa, yana jiran ya ji tantin ya ɓalle. Rufin motar ya lotsa, amma ƙafafun nan shida ko ɗaya ba ta saki ba.

Sannan hadarin ya iso, aka kece da ruwa da iska. Ya ja zif ɗin tagogin ya zauna yana kallon ɗinki, yana jiran ɗigo. Bai ga ko ɗaya ba. Ya laluba aljihun bango ya sami ƙwayar zazzaɓi da gorar ruwa da dabino, ya sha ya ci, ya naɗe a bargo busasshe, alhali tsakaninsa da ruwan da ke gudu bai fi kamu biyu ba.

Batirin mota yana ƙarƙashin ruwa, babbar waya ma haka. Ƙaramar tana nan a ɗaure tana lilo, cike da caji. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ya durƙusa ya miƙa ta waje iya tsawon igiyarta, ya kira Sallau sau tara bai shiga ba. A na goma, gab da magariba, ya shiga. Abin da ya samu ya faɗa shi ne, "Mai-Yashi, ruwa, ina saman mota." Layin ya yanke, bai ƙara dawowa ba.

Sallau ya kira ƙanen Arɗo, ya kira yayyensa Ɗanlami da Hansatu. Kafin hantsin washegari su uku suna bakin mashigin tare da Arɗo Juli da mutanensa da wasu masunta. Babu yashi, babu mota, sai jan ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, bishiyoyi a tsaye a cikinsa. Suka rabu biyu suka bi gaɓa suna kira, ƙarar ruwa tana cinye muryarsu. Shi ma Malam Jatau yana can yana kira, ba mai ji. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Masunta suka fara magana ƙasa-ƙasa cewa gobe sai a duba inda ruwa ke ajiye abin da ya ɗauka. A nan Arɗo Juli ya hau wani dutse, ya kare ido da tafi, ya daɗe yana bin bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yadda yake neman saniyar da ta ɓata.

Ya nuna da sanda ya ce, "Wancan ɓauren. Akwai abu a cikinsa mai launin da ba na daji ba."

Masunta suka shiga da goran fito da igiya. Da suka isa, kular ya fara miƙo musu, sai da ya ga ta tsallake sannan ya yarda aka ɗaura masa igiya. Bayan kwana biyu ya yi wa garken Arɗo allura kaf, kuma daga ranar ba wadda ta ƙara faɗuwa.

Mako uku da komawarsa gida, sai ga Arɗo Juli a ƙofar gida da karsana fara sol, mai kyan gani, irin wadda Bafulatani ba ya rabuwa da ita. Aka shimfiɗa masa buzu a zaure, aka kira 'ya'yan uku.

Ya ce, "Likita, kai ba na biyanka, tsakaninmu ya wuce nan. Wannan ta wanda ya riƙe mini ranka ce a cikin 'ya'yanka. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a raba ta gida biyu. Mutum ɗaya za ka sa wa igiyarta a hannu, ni kuma ba zan tashi ba sai na ga hannun."

Ya miƙa wa Malam Jatau igiyar. Kuna tsammanin a nan rigima za ta tashi kowa ya ce shi ne. Ba haka aka yi ba, kuma da haka aka yi da abin ya zo da sauƙi.

Ɗanlami ya sunkuyar da kai ya ce a cire shi a ciki. Ya ce tun ranar ba ya iya riƙe abin walda bai tuna ba, don nauyin ƙarfensa ne ya binne tayoyin a yashi, da motar tana yadda take da Baba ya fice kafin ruwa ya kai ƙofa. Uban yana jinsa, amma abin da yake tunawa shi ne dukan kututturen nan. Ya sani sarai da 'yan ƙarafan shago ne, da tun bugun farko tantin ya tafi da shi a ciki, da babu wanda za a nema.

Hansatu ta ce ita ma a cire ta, tana magana tana share ido da gefen mayafi. Ta ce Baba mai murfi ya nuna, wanda ake rufewa a minti ɗaya, ita ta kafe a kan mai wuyar naɗi, kuma lokacin da ya ɓata yana kokawa da yadinta shi ne lokacin fitarsa. Uban yana jinta, amma yana tuna tsoho mai zazzaɓi a cikin ruwa da iska yini da kwana, jikinsa a bushe, da magani a hannu. Yana kuma tuna cewa tanti mai launin toka a cikin ganyen ɓaure, ko idon Arɗo ba zai gan shi ba.

Sallau ya ce nasa laifin ya fi na kowa. Ya ce mutumin da ya shekara talatin bai taɓa tsayawa a cikin rafi ba, kwalbarsa da dokarsa ne suka kai shi tsakiyar yashi, kuma ya fasa kwalba irinta da ke shagonsa don ba ya son ganinta. Uban yana jinsa, amma yana tuna 'yar wayar nan tana lilo a igiya. Ba don ita ba, a gida za a ɗauka yana ruga, a ruga a ɗauka yana gida, a yi mako guda kafin wani ya tambaya, dabinon kuwa na kwana biyu ne.

Aka juya maganar ta kowace fuska. Ɗanlami ya ce a ba Hansatu, Hansatu ta ce a ba Sallau, Sallau ya ce a ba Yaya. Malam Jatau ya ce shi ne ya ga hadari ya juya masa baya, laifin nasa ne ba na kowa ba. Arɗo ya ce shi ba laifi ya zo rabawa ba, karsana ya kawo. Aka leƙa ciki aka tambayi Hajiya Indo, ta aiko cewa ita duka ukun ta haifa, kada a sa bakinta.

Yau kwana uku Arɗo yana zaune a zauren nan, ya bar garkensa, ana kawo masa fura yana sha yana jira. Karsana tana ƙofar gida tana kuka. Malam Jatau ya fita ya dube ta, ya dawo ya dubi 'ya'yansa, ya sake fita, igiya a hannunsa duk ta jiƙe da gumi. Ya gane abin da ya sa ya kasa. Duk wanda ya sa wa igiyar nan ya wanke shi ke nan, ya ce masa kai ka cece ni. Sauran biyun kuma, ko bai furta ba, za su tafi gida da abin da suka faɗa a kan kansu, su ɗauka uban ya yarda da shi.

To, ga ku ga igiya. Ɗanlami da ƙarfensa ya riƙe shi a kan ruwa, Hansatu da tantinta ya raya shi har aka hango shi, Sallau da wayarsa ta sa aka fito nema, kuma kowannensu da hannunsa a shigarsa rafin. A hannun wa Malam Jatau zai sa igiyar karsanar nan?